Igiyar da Aka Bari a Bakin Rijiya

A wani gari can da daɗewa, rijiya ɗaya ce tak, kuma kowa da gugansa yake zuwa. In rani ya tsananta ruwa yakan yi ƙasa, sai mai doguwar igiya ke samu. Sauran kuwa sai kududdufi.

Akwai wata tsohuwa mai igiya gaba ashirin. Kullum sai ta ja ruwa, ta naɗe igiyarta, ta jira wata yarinya, Hansai, da ke wucewa da tulu tana waƙa. Waƙar nan ce ke raka tsohuwa gida.

Ran nan Hansai ba ta wuce ba. Kashegari ma shiru. Tsohuwa ta ja ruwa, ta naɗe igiya, ta yi ta duban hanya.

Da kewa ta ishe ta, sai ta je gidansu. Ta tarar gudawa ta kwantar da yarinyar.

Ta tambayi uwar, "Wane ruwa kuke sha?"

"Na kududdufi, Iya. Igiyarmu ba ta kaiwa."

Tsohuwa ta koma rijiya, ta kafa turke, ta ɗaure igiyar da gugan, ƙulli uku. Sannan ta zauna a gefe, tana duban hanya.