Aron Suna a Tafiyar Kudu

Ranar da Orpha Tackett ta fara ganin Lemuel Hargis, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Jirgin ƙasa na safe ne ya sauke 'yan ƙwallon Kwalejin Ashgrove, sun dawo daga wasan ƙwallon Amurka, irin na zari-ruga, a wata jiha an lallasa su, suka cika ɗakin abincin mahaifinta da ke bakin tasha da warin gumi da man zafi. Shi ne na ƙarshe a layi, leɓe a kumbure, ido ɗaya a rufe, ga gashi buzu-buzu har kafaɗa. A shekarar 1896 babu hular kariya. Gashin da saurayi ya tara tun bazara shi ne matashin kansa idan ƙarti suka danne shi a ƙasa.

Ta ajiye masa ruwan kofi mai zafi da burodin masara, ta tambaye shi ko jirgin ne ya bi ta kansa.

"A'a, mutum goma sha ɗaya ne," in ji shi. "Ai jirgi ya fi su imani."

Dariya ta kuɓuce mata, nan take kuma ta ji haushin kanta. A ƙarƙashin irin wannan tarin ƙartin yayanta Wendell ya mutu, da ƙwallon rungume a ƙirjinsa, kuma tun daga ranar ba a ambaton wasan nan a gidansu.

Lemuel ya dawo washegari, ya sake dawowa, har kujerar bakin taga ta zama tasa. Ta sa masa suna Mai Gizo, shi kuma yana kiranta Hasken Tasha. Wata rana ta ce masa kofin nan zai kashe shi kafin ƙwallo ta kashe shi.

"Ni fa ban taɓa son kofi ba, Hasken Tasha. Mai kawo shi nake zuwa gani."

"To ka daina wahalar da cikinka, ka je ka ga Baba."

Ya je. Mahaifinta, Enos Tackett, ya saurare shi har ƙarshe yana goge tebur, sannan ya ce ya binne ɗa guda saboda wata fata mai iska a ciki, ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai sake saya wa akwatin gawa ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Sharaɗinsa ɗaya ne: Lemuel ya bar wasa har abada. Lemuel ya ce a kawo almakashi. A bayan kicin tsohon ya yi masa aski da hannunsa, Orpha tana leƙe ta taga tana kuka, ita kanta ba ta san ko na daɗi ne ba.

Akwai wanda askin nan ya ɓata wa rai sau biyu. Royal Pettibone, ɗan mai banki, shi ne manajan ƙungiyar, ga shi ya rasa gwaninsa, ga shi kuma ya daɗe yana aiko wa Orpha furanni tana zuba su a tulun da ke kan teburin sayar da abinci don baƙi su shaƙa. Da ya shirya babbar tafiyar kudu, wasa bayan wasa gari bayan gari, sai ya roƙi Lemuel ya bi su ko don ɗaukar gangar ruwa da matsa wa 'yan wasa ƙafafu a jirgi. Enos ya ce ɗaukar ruwa ba ya kisa. Orpha dai zuciyarta ba ta kwanta ba.

Saƙon tangaraho na farko ya zo tana soya ƙwai:

"MUN ISA LAFIYA. RUWA KAWAI NAKE ƊAUKA. KAINA NA JIN SANYI. INA KEWARKI. MAI GIZO MARAR GIZO."

Ta cusa shi cikin aljihun riga tana murmushi. Ba a jima ba sai ga jaridar kudu, mahaifinta ya shimfiɗa ta a gabanta. An rubuta cewa Hargis na Ashgrove ya sa gwiwa a wuyan wani ɗalibi a cikin turmutsitsi, yaron yana raye amma ƙafafunsa sun daina motsi. Orpha ta karanta, ta ga Wendell a kwance kamar yau aka shigo da shi. Ta tsallaka ofishin tasha ta aika nata:

"KA YI MINI ƘARYA. KADA KA SHIGO ƊAKINMU."

Amsar ba ta da tsawo:

"BA NI BA NE. KI JIRA NI."

Da jirgin ya dawo, gari ya fito da ganguna, don sun ci duk wasanninsu. Pettibone ya riga kowa shiga ɗakin abinci, hula a hannu, fuska a marairaice, yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana Lemuel, amma wanda ya saba ya saba. Orpha ba ta ko ba shi kujera ba.

A bayan kicin Lemuel ya same ta, ya faɗa mata abin da kowane ɗan wasa ya sani kuma babu mai faɗa. In an yi nisa da gida inda ba a san fuskoki ba, sai a ɗauko hayar wani ƙato, a sa masa rigar kwaleji, a ba shi sunan ɗalibi na gaske, tunda suna kawai abokan karawa ke dubawa. Wani maƙerin layin dogo Pettibone ya samo a hanya, ya ba shi sunan Hargis. Shi Lemuel yana gefen fili da bokiti ya ji jama'a suna ihun Hargis. Bai tona ba, domin ƙa'idar ƙungiya ce abin da ya faru a hanya a hanya ake barinsa, in kuma ya yi magana za a soke nasarorin duka, a kori abokansa.

Ta yarda da shi, kuma yardar ba ta rage mata ɗacin komai ba.

"Lemuel, a can kudu akwai wata uwa da ke juya ɗanta a kan gado tana tsine wa Hargis. Sunan da za ka ba ni ke nan?"

Enos yana tsaye a ƙofa, ya ji komai. Ya ce gaskiyar da ake faɗa a bayan kicin ba ta da amfani a wurinsa, a faɗe ta inda aka yi ganguna.

A taron addu'ar safe na kwaleji Lemuel ya miƙe a gaban malamai da ɗalibai ya faɗi duka. Abin da ya biyo baya ba sai an yi duba ba. Aka soke nasarorin. Aka kori Lemuel saboda ya sani ya yi shiru. Pettibone kuwa, wanda ubansa ya gina ɗakin karatun kwalejin, an ja masa kunne a ofis an ba shi shayi. Abokan da Lemuel ya matsa wa ƙafafu suka riƙa tsallaka titi in sun hango shi, ɗalibai suka ƙaurace wa ɗakin abincin Tackett, jaridar kudu kuma ba ta taɓa gyara labarinta ba. Lemuel ya kama aikin ɗora kaya a tasha. Wani yammaci ya tambayi Orpha ko har yanzu tana son mutumin da ba shi da digiri, ba shi da aboki.

"Kana da suna, Mai Gizo," ta ce. "Shi nake jira."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin bayan tasha. Ɓangaren amarya akwai gwaggonni da 'yan maƙwabta. Ɓangaren ango kuwa, inda ya kamata ƙungiya ta cika benci, babu ko mutum ɗaya. Orpha ta ga Lemuel ya saci kallon wajen sau ɗaya ya sunkuyar da kai, ta ji kamar ta fasa kuka.

Enos ya rako ta har gaban fasto, ya sa hannunta a cikin na Lemuel.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da abokan ganga," in ji shi. "Ka riƙe ta, ɗana."

An bar masa wuri a bencin gaba na dangin amarya. Tsohon ya dubi wurin, ya ɗauki hularsa, ya tsallaka ɓangaren ango, ya zauna shi kaɗai a bayan Lemuel har aka gama.