Aku da Dariyar Mama

A gidansu ba mai kiranta da sunanta. Aku ake ce mata, don duk abin da ta gani sau ɗaya ta ɗauke shi ke nan. Ta iya tafiyar malamin lissafi. Ta iya tarin mai gadin makaranta. Ta iya yadda Baba ke birkita falo yana neman tabaransa, alhali yana bisa goshinsa.

Aji shida take, kuma bakinta ba ya hutawa.

Ba wanda ke jin daɗin wasanta kamar Mama. Mama tana da dariya mai ƙarfi, irin wadda ake jiyowa tun daga bakin ƙofa. In ta fara har hawaye take yi, tana dukan cinya tana cewa, "Yarinyar nan, za ki kashe ni!"

Amma tun da aka haifi ƙanen Aku, dariyar ta ragu. Da Mama ta fara sai ta toshe baki, ta matse ƙafafu, ta nufi banɗaki da sauri. In atishawa ta zo mata ma haka take yi.

Rannan Aku ta kasa haƙuri. Ta ce, "Mama, wai me ya sa kike gudu in kin yi dariya? Wasana ya daina daɗi ne?"

Mama ta jawo ta kusa, ta rage murya.

"Ba haka ba ne, 'yar albarka. Tun da na haihu, in na yi dariya ko atishawa, fitsari yakan ɗan zubo mini ban shirya ba. Shi ya sa nake zuwa asibiti wurin likitar motsa jiki. Tana koya mini abin da zai gyara. Amma wannan magana tsakanina da ke ce, kin ji?"

"Na ji, Mama. Ba wanda zai ji a bakina."

Kullum da safe Mama takan shimfiɗa wata shuɗiyar tabarma a ɗakinta. Ta kwanta rigingine, ta tanƙwashe gwiwoyi, ta ja numfashi a hankali, ta ɗaga ƙugu, ta sauke. Aku kuwa tana leƙe ta labule, tana ɗaukewa.

Wata Asabar maƙwabta biyu suka shigo ganin jariri. Suna zaune ana hira, sai ɗaya ta ce, "Aku, yau ba za ki yi mana wasa ba?"

Aku ta yi malamin lissafi, suka yi dariya. Ta yi mai gadi, ta yi Baba, suka ƙara. Daɗi ya kama ta, kanta ya kumbura. Ta dudduba, ba wanda ya rage. Sai ta faɗi ƙasa rigingine, ta tanƙwashe gwiwoyi, ta ɗaga ƙugu tana huci. Ta miƙe ta yi atishawar ƙarya, ta matse ƙafafu, ta ruga banɗaki tana cewa, "Wayyo, ya zubo!"

Matan suka tuntsire da dariya. Ɗaya ta share hawaye ta ce, "Wannan kuma wa ke nan?"

"Mama ce!"

Mama ta yi wani guntun murmushi, ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula, alhali hular ba abin da ya same ta.

Da baƙin suka tafi, Aku ta zaci za ta sha faɗa. Amma Mama ta wuce ɗakinta. Ta naɗe shuɗiyar tabarmar, ta ɗora ta can saman kabad.

Washegari ba a sauko da tabarmar ba. Ranar zuwa asibiti ta zo, Mama ta ce ba za ta je ba.

Baba ya ce, "Haba, kin fa fara samun sauƙi."

Mama ta ce, "Yanzu duk layin nan sun sani. In na fita kowa zai bi ni da ido."

Gidan ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Aku ta gwada tarin mai gadi, Mama ko kallo. Abin ya tsaya wa Aku a rai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Baba ya kira ta lokacin yana goge takalminsa a bakin ƙofa.

"Aku, rannan su wa suka yi dariya?"

"Baƙi."

"Mamanki ta yi?"

Aku ta girgiza kai.

"To kin gani. Ita ta ba ki amana, ke kuma kika sayar da ita don a tafa miki. Kin san abin da ya fi damuna? Ta bar maganinta. In ba ta koma ba, haka za ta zauna tana tsoron dariya."

Sai ga hawaye shar a fuskar Aku. Ta shiga ɗaki, ta taka kujera, ta sauko da tabarmar. Ta karkaɗe ta, ta shimfiɗa, ta je ta durƙusa gaban Mama.

"Mama, ki yafe mini. Na yi alkawari na saɓa. Don Allah ki koma asibiti. In kunyar mutane kike ji, ni zan raka ki, in riƙe miki jaka. Duk wanda ya kalle ki zan harare shi."

Mama ta dube ta, ta dubi tabarmar. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"Kin ba ni kunya ƙwarai, kuma na ji zafi. Amma na yafe miki. Hararar kuma ki bar ta a gida."

Ɗakin likitar bai yi kama da asibiti ba. Babu allura, babu warin magani. Tabarmi ne jere a ƙasa, da manyan ƙwallaye masu launi. A benci mata suna jira, wasu da goyo, wata da furfura. Har da 'yan mata biyu cikin kayan makaranta.

Aku ta yi raɗa, "Mama, duk waɗannan?"

Likitar ta jiyo ta, ta yi murmushi.

"Duk waɗannan, da wasu da yawa da kunya ta hana su zuwa. Zo ki ga."

Ta nuna mata wani hoto a bango.

"A ƙasan mara akwai tsoka da ke tallafe mafitsara, kamar yadda gindin jaka ke riƙe kaya. Ɗaukar ciki da haihuwa sukan gajiyar da ita. Ba laifin kowa ba ne. In ana motsa ta yadda ya dace, sai ƙarfinta ya dawo."

"Su 'yan makarantar fa? Ai ba su haihu ba."

"'Yan mata ma sukan samu matsala a wurin. Ke ma in kika ji ciwo a mara, ko wani abu da ba ki gane ba, ki faɗa wa mamanki. Kada kuma ki riƙa matse fitsari wuni guda a makaranta."

Aku ta sunkuyar da kai, don aikinta ke nan kullum.

Mama ta ba likitar labarin abin da ya faru. Likitar ta ce, "Au, gwanar kwaikwayo ce? To madalla, na samu mataimakiya. Zuba ido ki ɗauke ni da kyau."

Daga ranar, kowace safiya Aku takan rufe ƙofar ɗaki, ta tsaya kan Mama, ta sa muryar likita. "Ja numfashi. Matse a hankali. To, saki. Kada ki yi mini ha'inci, ina ganinki!" Mama takan ce, "Likita, a yi mini sassauci mana." Wannan wasan bai taɓa fita daga ɗakin ba.

Watanni suka shuɗe. Wata rana da yamma Baba ya shigo falo yana ɗaga matasai, yana tambayar wa ya ɗauke masa tabarau. Aku ta bi bayansa, tana yin duk abin da yake yi, da cokali a bisa goshinta a matsayin tabarau.

Mama ta fashe da dariya. Irin ta da, mai ƙarfi, har da dukan cinya. Jariri ya farka, shi ma ya kama ɓangale baki.

Aku ta tsaya cak. Ta matsa gefe ta ba Mama hanyar banɗaki.

Mama ba ta tashi ba. Ta share hawaye ta ce, "Me kike kallo? Ba inda za ni. Ƙara yi!"

Aku ta ruga ta rungume ta, cokalin ya faɗi ƙasa.

Tun daga nan Aku ta gane cewa lalurar jiki ba abin dariya ba ce, ba kuma abin kunya ba ce, abin nema wa magani ce. Ta kuma gane cewa sirrin da aka ba ka amana ne, kuma wasa mai kyau shi ne wanda kowa ke dariya, har da wanda ake kwaikwaya.