Mutuwar Lazo a Gaban Kyamara

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Alhamis aka kira Insifekta Chilufya Kabaso, yana tsaka da cin nshima, wato tuwon masara, da busasshen kifi a ofishinsa da ke Kitwe. Wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a tsohuwar ma'aikatar narka tagulla da ke bayan gari, wajen ɗaukar bidiyon waƙa. Da aka faɗi sunan mamacin, Kabaso ya ture kwanon gefe. Lazarous Simukonda ne, Lazo, mai jitar ƙungiyar Amalasha.

Duk wanda ya tashi a garuruwan ma'adinai ya san Amalasha. Shekara arba'in da takwas suna kiɗan rok mai tsauri, irin wanda ke girgiza kwanon rufi. An ɗauka zamaninsu ya wuce, sai ga sabuwar waƙarsu, "Panshi", ta cika gidajen rediyo da motocin haya. Bidiyonta ake ɗauka yau.

Shi da Sajan Namukolo Lubinda suka isa wurin. Zaure ne makeke, rufinsa duk huji, iska na kaɗa wani sakakken kwano yana ƙara. A tsakiya akwai dandamalin ƙarfe da aka jera wa ganguna da manyan lasifikoki. Gawar na kwance a kai cikin baƙar rigar fata, an rufe fuskar da zane.

Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta tare su, idanunta jajir.

"Towela Nyirenda, ni ce darakta. Zuciyarsa ce, Yallaɓai. Ya jima yana shan magani."

Kabaso ya durƙusa ya ɗaga zanen. A leɓen ƙasa na mamacin akwai wani ɗan tabo fari, gefensa ya yi baƙi. Ya mayar da zanen.

"Kayan kiɗan nan a jone suke da wuta?"

"Ko ɗaya. A bidiyo kwaikwayo kawai ake yi. Mu saki waƙar a lasifika guda, su kuma su riƙa motsa baki da hannu. Janareta na fitilu ne da lasifikar."

"Wa ya kashe janaretan?"

"Ban sani ba. Da ya faɗi dai na ji komai ya yi tsit."

Kabaso ya sa aka fitar da kowa, aka bar kurtu biyu a ƙofa. Yana duba igiyoyin jitar sai ya ji janaretan ya tashi a waje. Wani ma'aikaci ne zai yi cajin batiran kyamara. Kabaso ya ɗaga kai, ya ga Sajan Lubinda ta miƙa hannu za ta kawar da sandar makirufon da ke gefen gawar.

"Namukolo, tsaya yadda kike."

Ta tsaya, yatsunta saura kaɗan su taɓa ƙarfen.

"Janye hannunki a hankali. Sauko daga dandamalin."

Ya karɓo tasta, abin gwada wutar lantarki, daga jakar ma'aikatan, ya ɗora bakinta a jikin sandar. Ƙwan ciki ya kama, ja wur. Sajan ta zauna a kan wani akwati, ta matse hannun a hammata. Kabaso ya ɗaga murya ya ce a kashe injin.

Suka yaye dardumar da ke ƙarƙashin sandar. Wata siririyar waya ta fito daga ƙafarta, ta bi gefen dandamali har zuwa soket ɗin janareta. An murɗe mahaɗin irin murɗin ƙwararru, amma salatif ɗin da aka naɗa masa ya karkace, nan kauri, can a sake.

"Ɗauki hoto, ki yanke ta daga can baya, ki mayar da dardumar," in ji Kabaso. "Ko 'yan sandan da ke ƙofa kada su ji. A wajen kowa zuciya ce."

Mawaƙin ƙungiyar, Webster Kapambwe, yana zaune cikin motar ɗaukar kaya, ya naɗe gwiwarsa da bandeji.

"Makirufon wa ne a tsakiyar dandamali?"

"Nawa. Tun kafin a haife ka, Insifekta."

"Yau ka yi waƙa a kansa?"

"Sau uku da safe. Muka tashi cin abinci. Da muka dawo gwiwar nan ta ƙi, Towela ta ce in huta a fara ɗaukar Lazo, tunda shi ke rera baiti na biyu."

"Wa ya san za a yi wannan canjin?"

"Ba kowa. Nan take ta faɗa."

"Kenan da gwiwarka ba ta ƙi ba, kai ne a wurin."

Webster ya dube shi. A hankali fuskarsa ta sauya, hannunsa ya lalubi murfin motar ya jawo shi kusa.

"Ba zuciya ba ce, ko?"

"Akwai wanda kuke 'yar tsama da shi a ƙungiyar?"

"Babu. 'Yan'uwa ne mu." Ya faɗa da sauri, idonsa na kan wani dattijo da ke zaune ƙarƙashin bishiya. "Don Allah ka bar mini ɗan sanda ɗaya a nan. Kuma ba zan sha ruwan kowa ba."

Dattijon shi ne Fackson Nyirenda, mai jitar bes, mahaifin Towela. Dogo ne siriri, ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun riga duk da zafin da ake yi.

"Baba, ina kake lokacin cin abinci?"

"A nan, ɗana. Barci na yi."

"Wa ya kashe janareta da Lazo ya faɗi?"

"Ban gani ba. Ina riƙe da kansa."

"Kafin kiɗa, wace sana'a ka yi?"

"Leburanci a rami, kamar kowa."

Kabaso ya miƙa masa biro ya sa hannu a bayaninsa. Da hannun ya fito daga aljihu, rawa yake yi sosai, sai da ya danne shi da ɗayan kafin sunan ya rubutu.

A ɗakin da suka mayar ofis, Towela ta kunna musu ɗaukar bidiyo ta huɗu a kwamfutarta. Kiɗa ya ɓarke, hayaƙi ya tashi. Lazo ya tako gaba yana kaɗa furfurarsa, ya sunkuya kan makirufo, jikinsa ya sandare, jitar ta yi tsalle a ƙirjinsa. Towela ta kau da kai.

"Mayar baya. Rage gudun," in ji Kabaso.

Wannan karon bai kalli Lazo ba. A gefen hoton, Fackson na kiɗa, kansa a ƙasa. Ya ɗago, ya ga wanda ke tunkarar makirufon, bakinsa ya buɗe. Ya saki jitarsa ya juya da gudu ya fita daga hoton, alhali Lazo na da sauran taku biyu.

Sai kuma wani hoton ya biyo: yatsu a kan igiyoyin bes, masu sauri, ba tamoji ko ɗaya.

"Hannun wa ne wannan?"

Towela ta tsayar da bidiyon.

"Malama, gawa ce a waje."

"Na wani makaɗi ne daga Ndola. Shi ya kaɗa bes ɗin waƙar ma. Shekara uku kenan hannun Baba ba ya iyawa. Webster ya ce kada a faɗa masa, a riƙa kashe lasifikarsa a wajen wasa, a saki naɗaɗɗen kiɗa. Baba yana tsaye yana kaɗawa, ba abin da ke fita."

"Ya gano?"

"A'a." Ta dubi kwamfutar. "Ranar Litinin dai na bar kwamfutar nan a kunne a falon gida, hoton hannun nan yana ciki."

"Aikin me ya yi a kamfanin ma'adinai?"

"Lantarki. Shekara goma sha ɗaya."

Kabaso ya san gudun tsoho a bidiyo ba zai ishi alƙali ba. Abin da ya yanke shawarar yi bai kwanta masa a rai ba, amma ya sa aka ɗauke gawar, aka tara kowa a zauren, kurtu ya riƙo Webster da ke tirjewa a bakin ƙofa.

"Za mu maimaita yadda abin ya faru, don rahoto," in ji shi. "A tayar da janareta."

Injin ya kama, fitilu suka haska, waƙar ta cika zauren har ƙarfen dandamalin na kaɗawa ƙarƙashin ƙafa.

"Malama Towela, tsaya inda Lazo ya tsaya. Ki nuna mini yadda ya kai bakinsa."

Ta hau. Duk da ya ga an yanke wayar da idonsa, sai da Kabaso ya matso kusa da dandamalin. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, ta miƙa hannu.

"Towela!"

Fackson ya ture kurtun da ke gefensa, ya faɗa kan dandamali, ya rungumo ƙugun 'yarsa suka zube tare. Yana ƙasa yana haki yana maimaitawa, "Akwai wuta. Kada ki taɓa, akwai wuta."

Sajan Lubinda ta kashe waƙar.

"Wa ya gaya maka, Baba?" in ji Kabaso. "Kowa a nan ya san zuciya ce."

Dattijon ya zauna dirshan. Ya daɗe yana kallon hannuwansa da ke rawa a cinyarsa.

"Ni na ja wayar, kuna cin abinci," ya ce. "Ni na kashe injin, amma ƙafata ba ta kai da wuri ba." Ya juya ga Webster. "Kai na haɗa wa. Shekara uku ina tsalle a gaban mutane kamar biri, kuna kallona. Har Lusaka na sunkuya ina karɓar tafi. Da ka ce, Fackson, hannunka ya mutu, je ka gida, da na tafi."

"Tausayinka muka ji," in ji Webster.

"Na ce wa kaina girgiza ka kawai za ta yi. Ƙarya nake, na san abin da wutar nan ke yi wa mutum a kan ƙarfe." Ya share hanci da bayan hannu. "Lazo ya san maganar lasifikar?"

Towela ce ta amsa.

"Shi kaɗai ya ƙi yarda, Baba. Ya ce in ba a faɗa maka ba bayan bidiyon nan, zai bar ƙungiyar."

Fackson ya rufe ido.

Kabaso ya faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi da kuma haƙƙinsa. Sajan ta ciro ankwa, ta dubi siraran hannuwan, ta dubi ogan nata. Ya gyaɗa kai, ta saka a hankali. Ƙarfen ya riƙa ƙarar kacau-kacau har suka kai mota.

Towela ta biyo su da hularsa da ta faɗi da robar maganinsa.

"Biyu da safe, ɗaya da yamma," ta ce wa Sajan, ba ta kalli mahaifinta ba. "Ba ya iya buɗe murfin da kansa."

Sajan ta karɓa. Kabaso ya rufe ƙofar baya, ya zagaya ya shiga gaba, ya ce wa direba su tafi.