Bijimi Mai Ƙafa Biyar

"Zinariya! Wannan na waye?"

Baffa Ƙasimu ya dangwarar da abin a kan tiren gahawa, har kofuna suka yi tsalle.

Ɗan mutum-mutumi ne na farin dutse, bai fi tafin hannuna ba. Jikin bijimi, fukafukan mikiya, kan mutum mai dogon gemu a nannaɗe.

Raliya, 'yar Baffa, tana gefe tana matso hawayen da suka ƙi zuwa.

"Yaba, wallahi a ƙasan akwatinta na gan shi, naɗe da ɗankwali. Gunki a Madina, ya Rabbi! Asiri aka yi mata!"

Munafuka! Tun ranar da aka sa mini rana da Sabiru kishi ya sa take bin ɗakina da shinshine kamar kyanwa.

"Kyauta ce, Baffa," na ce. "Sabiru ne ya ba ni."

Sabiru ɗan wani tela ne Bahaushen Sudan da ke unguwar Ƙiblatain. Yana karatun tarihi a Mosul yaƙin Iraƙi da Iran ya koro shi, Baffa ya tsaya masa kafili, wato ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya ba shi kula da gonarmu ta dabino a Awali. Gidanmu kuwa, tunda kakanmu ya samu tabi'iyya ya zama ɗan ƙasa, muka manta cewa da ƙafa ya tako daga Katsina. Duk Bahaushe mai iƙama, takardar zaman baƙo, kallon ɗan aike muke masa.

Ni kaɗai na kalle shi da wani ido, don bakinsa zuma ne. Ta saman katangar gona yake ba ni labarin dodannin mutanen Iraƙi na da: mutum-kunama mai tsaron ƙofar rana, mutum-kifi mai fitowa daga ruwa. Ranar da ya miƙo mini bijimin cewa ya yi, "Sunansa lamasu. A ƙofar fada suke kafa shi. Ƙirga ƙafafunsa, habibti."

"Biyar! Mai sassaƙar bai iya lissafi ba?"

"Da gangan ne. In kin dube shi ta gaba, a tsaye yake ƙyam. In kin dube shi ta gefe, tafiya yake. Ni dai ta gaba za ki riƙa ganina, Zinariyata... a ƙofarki, ba gusawa."

Ni kuma sakarya na narke.

Bayan la'asar aka kira shi. Ina bayan labulen majalisi, ta gefe nake hango shi, ya durƙusa da farar jallabiyarsa da ta sha guga.

"Ya waladi," in ji Baffa, "kai ka shigo mini da sanami gida? In kai ne, gobe na soke iƙamarka, ka kama hanyar Port Sudan."

Zuciyata ta ce, faɗa masa, masoyi. Ce masa tsaraba ce ta kasuwar Mosul, ba mai yi mata sujada, ka yi kuskure, a yafe maka. Baffa mai zafi ne, amma ba ya riƙo.

Sabiru ya leƙa tiren, ya yamutsa fuska.

"A'uzu billahi! Ya Ammi Ƙasimu, ban taɓa ganin wannan abu ba. Ka san mata da kwashe-kwashe... ƙila a hannun alhazai ta saya."

Har da girgiza kai, wai shi mai takaici!

Sai idona ya sauka kan ƙafafunsa. Fuskarsa na wajen Baffa, amma yatsunsa duk sun juya suna kallon inda ya tuɓe takalmi.

Baffa ya ɗauki taɓaryar gahawa ya fille kan bijimin da bugu ɗaya. Ya kira ni maƙaryaciya a gaban kowa. Sannan ya ce tunda yaron kirki ne, biki na nan, ƙila aure ya shiryar da ni. Raliya ta sha kunu, aikinta ya tashi a banza.

Washegari da hantsi na same shi a bakin katanga, yana washe baki.

"Kin gani, ruhina? Mun tsira! Biki na nan, iƙama na nan..."

"Sunana da ya ɓaci fa?"

"Haba, kwana nawa ne an manta? Ke 'yar gida ce, ba mai korarki. Ni kuwa..."

"Halas, Sabiru, an gama."

"Don ke na yi, wallahi!"

Na kwance bakin mayafina, na ɗora masa gangar bijimin a kan katanga, ba kai.

Na so shi, ba zan ɓoye ba, har lokacin ma ina sonsa. Amma raini ya riga ya shiga, kuma ya fi son ƙarfi.

"Na gaya wa Baffa na fasa. Ga Raliya can, ita ta gaba kawai take kallo."

"Zinariya, ki dube ni mana!"

"Ai na dube ka jiya," na ce, na ja mayafina. "Ta gefe."