Ƙaiƙayi a Bakin Rijiyar Malam Nomau

A juji suka haɗu, bayan kasuwar Gidan Rumji. Buro, ofishin da take aiki, shi ya aiko Ihsan ta duba filin da za a haƙa ramin binne sharar gari ta shekara ashirin masu zuwa. Ta tarar da Sabi'u gefen amalankensa yana tsince leda daga shara, don ya kai sauran gonaki a matsayin taki.

Ya gaishe ta, ya ce filin bai yi ba. In damina ta sauka, ruwan wurin duk fadama yake gangarawa, inda rijiyoyin unguwa suke. Ta rubuta. Washegari ta dawo, kuma ba filin kaɗai ya dawo da ita ba.

Alhaji Hambali ɗan kwangila ne ya zaɓi filin. Sau ɗaya ya zo, da rani, bai ko sauke gilashin mota ba saboda wari, ya koma wai ya gama bincike. Yana son Ihsan, yana kuma son sa hannunta a takardar amincewa da filin. Allah kaɗai ya san wanne ya fi so.

Mahaifinta Malam Nomau kuwa, da ya ji labarinta da Sabi'u, ya rantse 'yarsa da ta gama lakol, mai ilimin boko, ba za ta auri mai kwasar shara ba. Abin haushi, geron da yake taƙama da shi da takin Sabi'u yake fid da zangarniya.

Sabi'u ya ji zafin maganar, ya ɗauke ƙafa. Ta tura masa saƙo: "Nawa, kar ka guje ni. Ban ji wari a jikinka ba, a takardar da ake so in sa wa hannu nake jinsa."

Ya amsa: "Hasken idona, ki jira ruwan farko. Ki zo da Baba bakin rijiyarsa."

Hambali ya ce ko ta sa hannu ko ta rasa aiki. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ƙi.

Da hadari ya haɗu, Sabi'u ya watsa buhu uku na ƙaiƙayin gero a filin, a gaban mutane. Aka kwana ana ruwa. Da safe Malam Nomau ya iske ƙaiƙayin ya yi layi tun daga filin har bakin rijiyarsa, wani ma yana yawo a cikin guga. Ya daɗe yana kallo.

"Yau ƙaiƙayi ne," in ji shi. "Da an haƙa ramin, me jikokina za su sha?"

Ihsan ta ɗauki hoto ta haɗa da rahotonta, aka soke filin. Hambali ya ja motarsa, gilashi a rufe kamar kullum.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Nomau ya yi ta bin baƙi yana cewa surukinsa masanin ƙasa ne, sai ka ce shi ya gano shi. Da za a tafi da amarya, da hannunsa ya jawo ruwa a rijiyar ya ba ango da amarya suka sha, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka.