Dilar Takarda a Gidan Tokuji

Da almuru, a wata unguwa ta Kyoto, Shige tana kwashe shinkafa sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunya. Ta biyu ta huda takardar ƙofa. Daga nan wari ya cika gidan, irin na mushen da ya kwana a ruwa.

Mijinta Tokuji ko kai bai ɗaga ba. Sana'arsa majigin zane. Ya yanka takarda ya fitar da dilar tatsuniya, kai daban, ƙafafu daban, wutsiya daban, yana matsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto, har a ga kamar tafiya take. In ya tashi daga aiki, kowace gaɓa ta dilar da akwatinta.

Washegari ƙaramar 'yarsu Kinu ta fara tafiya a gutsure: kafaɗa ta motsa, ta tsaya, sannan gwiwa. Aka same ta durƙushe tana lasar ruɓaɓɓen ƙullun liƙa takarda, tsutsa na bin haɓarta. Shige ta ruga ta kira Jikai, tsohon malamin ɗakin ibada.

Ya kunna turare, ya daɗe yana karatu. Can wuyan yarinyar ya karkace, wata busasshiyar murya ta fito.

"Tsoho, ka taɓa kwana kanka a wani akwati, ƙafarka a wani?"

Jikai ya gane dilar takardar ce ta shiga jikin yarinyar. "Me kike so ki fita?"

"Soyayyiyar awara. Kuma a haɗa ni a ƙona ɗungurungum, yau. In ba haka ba, gaɓoɓin yarinyar nan ma kowacce ta nemi akwatinta."

Shige ta yi kan akwatunan. Tokuji ya tare ta.

"Dakata mana! Malam, roƙe ta ta ƙara haƙuri, saura wurin rawa kawai in gama majigin. Kai, dubi yadda take motsa yarinyar ma! Riƙe ta haka, bari in ɗauko na'urar hoto."

Tir! Ko kare ba ya yi wa ɗansa haka.

Muryar ta ja dogon tsaki. "Na kwana a kaburbura, na ci gawa, zuciyata ba ta taɓa tashi ba sai yau. Ku riƙe awararku."

Kinu ta tofar da yawu, ta zube. Warin ya ɗauke.

Shige ta goya 'yarta, ta zura takalmi a bakin ƙofa.

"Ina za ki?" in ji Tokuji.

"Ko ramin dilar ne, ya fi nan tsabta."