Ɗigon Auta

"Karɓi munafukarka!"

Haka Auta ta dire wayarta a kan teburinsa, sai da ƙananan kusoshin da ya jera a murfin kwalba suka watse.

Baki-Goma bai ko ɗago ba. Sunan da abokan sana'arsa, masu gyaran waya, suka laƙaba masa ke nan, don in ya fara zuba ko rediyo sai ta yi shiru ta saurara. Ya ci gaba da hura wata waya, yana murmushi.

"Allurata, sallamar ke nan? Ko an hana teloli gaisuwa ne yanzu?"

"Ba wasa ya kawo ni ba, wallahi."

Sai a lokacin ya ɗago. Idonta ya yi ja.

"Jiya a shago nake ce wa Yaya na ga wani zobe... magana ce kawai ta baki fa! Ban rubuta ba, ban nema ba. Ina komawa gida na miƙa wa Baba wayar ya ga hoton jikansa, sai ga tallan zobban aure reras, ɗaya na bin ɗaya!"

"Zobe? To ga yatsana, auna. Ai kina da abin awo a wuya."

"Kai fa ba ka da kirki!" Ta kai masa duka da gefen mayafi, dariya na neman ƙwace mata. Sai kuma fuskar ta sake haɗewa. "Bar ta zobe. Hotunan matan da nake wa ɗinki na gani a shafin wani ƙato da ban taɓa sani ba. Matan mutane! Yarda suka yi da ni suka tsaya na ɗauka..."

Nan wasa ya ƙare. Ya ja wayar ya shiga tono, can ya riƙe baki.

"Wa ya sa miki wannan manhajar fitilar?"

"Ni na sauke. Tana da haske."

"Haske! Ta nemi kunne kin ba ta, ta nemi ido kin ba ta, ta nemi hotuna da lambobin jama'a duk kin miƙa. Fitila me za ta yi da kunne, fisabilillahi? Ko maƙwabciya ce ta tambaye ki rabin wannan ai da kin nuna mata hanya."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zaro wani ɗan kwali. Waya ce baƙa, ba ado, ba ƙyalƙyali.

"Tun tuni na ajiye miki, ina jiran ranar da za ki yi fushi. Wannan ba ta kai rahoto. Duk manhajar da ta zo sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ke kuma ki ba ta amsa ɗaya cikin uku: A'a, ko Wannan karon kaɗai, ko Koyaushe."

"Mummuna ce."

"Ni ma haka kika ce ranar farko."

Ta zauna a kan benci, ya sa mata layinta, suka haɗa kai a kan gilashin.

"Manhajar banki tana son lambobin ƙawayenki."

"Su suka ajiye min kuɗin? A'a."

"Kyamara tana son sanin inda kike."

"Hoto za ta ɗauka ko rakiya za ta yi min? A'a."

"Manhajar hira tana neman jin muryarki."

"A'a!"

"Haba Allurata, wannan kam a ba ta. In ba haka ba da me za ki riƙa zagina da safe?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa kai ya kumbura, yatsa ya yi ta rawa. Duk abin da ya nemi sanin inda take, a'a. Duk lambar da ba a ajiye ba, ya saita kada wayar ta ko yi tari. Ya sa lambarsa ya rubuta Maigidan Gobe, ta fizge ta mayar Ciwon Kai.

"Sauran lambobin fa?"

"Na kwashe su a kwamfuta, da yamma in zuba miki. Jeki, masu ɗinki na jira."

Tana tafiya ya ɗauki tsohuwar wayar ya wanke ta tas, bai bar komai a cikinta ba, ya kashe, ya jefa aljihun tebur. Har ya tafa wa kansa.

Rana ta take sosai lokacin da wani dattijo ya tsaya a gaban rumfar. Gumi ya jiƙa masa riga, yana dogara sanda, ƙafa ɗaya ta kumbura har ta fi ƙarfin takalmi. Yana ta duban wayar da ke hannunsa, yana duban rumfar.

"Sannu Baba! Wayar ce ba lafiya ko ƙafar? Ta farkon muna gyarawa, ta biyun sai dai addu'a."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya juyo masa da gilashin. Taswira ce, da wani ɗigo da ya dushe ya koma ruwan toka, tsaye daidai kan rumfar nan. A ƙarƙashinsa an rubuta: Autata.

Murmushin Baki-Goma ya ɓace.

"Tun safe ɗigon nan ya tsaya a nan, daga baya ya mutu," in ji dattijon. "Na kira, na kira, ba ta ɗauka ba. Ina 'yata?"

Mahaifin Auta! Tsohon direban da ta ce ciwon ƙafa ya zaunar a gida, ko ƙofa ba ya fita. Mutumin da Baki-Goma ya daɗe yana tsara kalaman da zai gaishe shi da su, har gwaji yake yi a gaban madubi. Ga shi yau ya tarbe shi da zolaya.

Ya zabura ya goge benci da hularsa.

"Baba zauna... don Allah zauna. Lafiyarta ƙalau, tana shago. Waya na canza mata."

"Kai wane ne da za ka canza mata waya?"

"Ni ne... mai gyara."

"Me ya sa na daina ganinta?"

To, an ce baki shi ke yanka wuya. Da ya tsaya ya yi tunani da ba haka ba. Amma Baki-Goma ne, maganar ta riga hankalin fita.

"Ai Baba, asiri na rufa mata."

Har mai sayar da caja na rumfar kusa sai da ya rage waƙarsa.

Dattijon ya miƙe tsaye a kan ƙafar nan mai ciwo.

"Asiri? Wane asiri 'yata take da shi da sai kai za ka rufa? Me ta yi? Me kuka yi?"

"A'a Baba! Ba wannan asirin ba! Na waya nake nufi, na hotuna, na..."

"Kira min ita."

Baki-Goma ya kira. Lambarsa ce kaɗai ke shiga, kuma dattijon ya lura. Ya dubi tasa wayar, ya dubi ta saurayin. Wannan kallon ya fi mari zafi.

Auta ta iso a guje, abin awo na lilo a wuyanta. Tana ganin ƙafar ta durƙusa a ƙasa.

"Baba! A ƙafa ka zo? Likita fa ya ce..."

"Nasa kiran ya shiga. Nawa bai shiga ba."

"Wallahi ban sani ba, Baba..."

"Ya ce asiri ya rufa miki."

Ta juyo ta dubi Baki-Goma, hawaye na zuba. Irin kallon da ke cewa, na sha gaya maka bakin nan zai kashe mu. Ta ciro baƙar wayar ta ajiye a kan teburinsa a hankali, ba irin direwar safe ba.

"Ga wayarka. Ba ni tsohuwata."

"Na... na wanke ta, Allurata."

"Ka wanke?" "Mama ce fa ta haɗa ɗigon nan! A gadon asibiti ta haɗa, da hannunta, kafin ta rasu. Ta ce Baba ba zai iya bina ba, to ya riƙa ganina. Kullum yana zaune yana kallo har in shiga gida... Ni ma na manta, ban gaya maka ba."

Baki-Goma ya fita bakin titi. Ya tsayar musu da mota, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafar dattijon da hannu biyu ya sa a ciki. Ko kallonsa ba su yi ba.

Bai iya gyara ko waya ɗaya ba bayan nan. Ya kunce wata ya mayar da batir a juye. Da rana ta yi sanyi ya zuba duka lambobinta a baƙar wayar, ya sa ta Baba a farko, ya rufe rumfa.

Ya same su a tsakar gida. Baba na kan kujerar roba, ƙafa cikin roba da ruwan ɗumi, Auta na matsa masa. Ya yi sallama ya tsuguna daga nesa, kamar wanda ya zo karɓar hukunci.

"Baba, bakina goma ne, amma yau da ɗaya na zo. Ka yafe min."

Baba bai dube shi ba. Bai kuma kore shi ba.

"Tsohuwar wayar gulma take yi. Hotunan matan da Auta ke wa ɗinki ta kwasa ta kai wa baƙi. Shi ne na rufe ƙofofi. Garin korar ɓarayi na rufe da maigida a waje."

Gefen bakin dattijon ya ɗan motsa.

"Ita wannan ba ɓoye mutum take yi ba, Baba. Makullin take damƙa masa, ya buɗe wa wanda ya ga dama. Kuma ɗigon da Mama ta haɗa bai goge ba, ga shi nan a wayarka da sunan da ta rubuta. Barci yake yi. Ban da ikon tashinsa, sai mai shi."

Ya miƙa wa Auta wayar da hannu biyu. Ta dubi mahaifinta. Ya ɗaga mata kai kaɗan.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Baki-Goma ya nuna mata wurin daga nesa, bai taɓa ba. Tambaya ta fito a gilashi, ta karanta a fili: a bar Baba ya ga inda kike?

Ta danna Koyaushe.

Wayar Baba ta yi ɗan ƙara. Ɗigon nan mai ruwan toka ya tashi daga rumfar gyara, ya yi tsalle ya faɗo tsakar gidan, shuɗi shar, yana bugawa kamar zuciya. Autata.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya shafa rubutun da babban yatsa, ya share ido da hannun riga.

"Ga ki nan," ya ce a hankali, alhali tana durƙushe a gabansa.

Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Baki-Goma ma ya juya yana ƙorafin wai ƙura ta faɗa masa a ido. Amma hali zanen dutse, bai jima ba ya matso.

"To... ni fa, Allurata? Ko ɗan ɗigo kaɗan?"

Ta ɗago da jajayen ido. "Kai? Sai ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama, kamar kowace manhaja."

"Ba a wurinta ake neman wannan izinin ba," in ji Baba. Ya ciro ƙafa daga ruwan, ya gyara zama, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi. "Kai mai rufa asiri. Amsa nawa ka ce wayar nan take bayarwa?"

"Uku, Baba. A'a, Wannan karon kaɗai, da Koyaushe."

"Ɗazu da rana A'a na danna maka."

"Na ji a jikina, Baba."

"Shigowar nan da ka yi, Wannan karon kaɗai ce."

"Na gode, Baba."

"Wacce kake nema?"

Duk kalaman gaban madubi suka gudu suka bar Baki-Goma. Ya dubi Auta, ta rufe fuska da mayafi, amma ido ɗaya na leƙe.

"Koyaushe, Baba."

Dattijon ya mayar da ƙafarsa cikin ruwan ɗumi.

"To rufin asirin 'ya mace ba a rumfar waya ake yinsa ba. Ka zo min da mahaifinka. Kuma ka bar baki tara a gida."